Yadda Ake Ƙara wa Mota Ƙarfin Wuta Ba Tare da An Ƙone Distiributa Ba

A warshoshi, wato garejojin gyaran mota, da ke sina'iyya, unguwar masu sana'o'i, a Jidda da Makka, inda Hausawa da dama ke sana'ar kanikanci da ta lantarkin mota, akwai ƙorafin da ake yawan ji daga masu tsofaffin motocin da aka yi wa aikin ƙarin gudu, irin su Caprice da Suburban da Land Cruiser mai kafireta. Mutum zai sayi sabon kwail mai ɗauke da rubutun bolt 40,000, ko ya ɗora akwatin ƙara ƙarfin wuta na kamfanin MSD, motar ta yi daɗi na 'yan makonni, daga nan sai ta fara shaƙewa idan an taka totur, a buɗe murfin distiributa a tarar da rota ta huje ko modul ya ƙone. Nan take sai a yanke hukuncin cewa sabon kayan ne ya kashe ta. Hukuncin yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma galibi an bar jaki ne ana dukan taiki, domin abin da ke kashe distiributa shi ne rashin dacewar sabon kayan da tsohon, da buɗe bakin fulogi fiye da kima, da wayoyin da suka gaji, da zafi. Duk waɗannan ana iya auna su kafin a kashe ko riyal ɗaya.

Wajibi ne a fara fahimtar cewa hanyoyin wuta biyu ne ke ratsa distiributa, kuma kowace da irin ɓarnarta. Ta farko ita ce ƙaramar wutar batir, bolt 12, wadda kwantak ko modul ke haɗawa yana yankewa domin ya cika kwail, kuma abin da ke ƙona wannan ɓangare shi ne yawan amfiya. Ta biyu ita ce babbar wutar da ke fitowa daga kwail ta shiga tsakiyar murfi, ta bi rota, ta tsallaka zuwa wayar fulogin da lokacinsa ya yi, kuma abin da ke lalata wannan ɓangare shi ne yawan bolt. Rubutun da ke jikin kwail yana nuna iyakar abin da zai iya bayarwa ne kawai. A aikace wutar tana hawa ne har zuwa matakin da za ta iya tsallake bakin fulogi, wanda a lafiyayyen inji mai silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, bai cika wuce bolt 8,000 zuwa 15,000 ba, daga nan ta tsaya. Idan tsallakewar ta yi wuya, tsohon kwail mai rauni sai ya gaza, injin ya yi tsallen wuta, magana ta ƙare. Sabon kwail mai ƙarfi kuwa ba ya gazawa, sai ya ci gaba da hawa har ya samu wata hanyar da ta fi sauƙi, kuma sau da yawa wannan hanya ita ce ta cikin robar rota zuwa ƙarfen sandar da ke ƙarƙashinta.

Mataki na farko: a tantance irin distiributar

Iri uku ne ake cin karo da su a nan ƙasar. Akwai mai kwantak da kwandensa, wadda ke cikin tsofaffin Land Cruiser da Hilux da Datsun. Akwai mai maganaɗisu da modul, wadda fitacciyarta ita ce HEI ta kamfanin General Motors, da ta zama ta dindindin a motocinsa daga shekarar 1975, ana gane ta da faffaɗan murfi mai kwail a kansa. Akwai kuma mai aiki da haske, wato Optispark ta injin LT1 da ke cikin Caprice ta 1994 zuwa 1996. Motar da kowane fulogi ke da nasa kwail ba ta da distiributa, saboda haka wannan bayani bai shafe ta ba. A nan ne kuma za a bincika ko kwamfuta ce ke sarrafa tayimin, wato lokacin da tartsatsi ke isa fulogi, domin idan haka ne ba a cire modul ɗin asali, ta cikinsa kwamfutar ke aika umarni.

Mataki na biyu: a duba lafiyarta kafin a taɓa komai

A cire murfin a juya cikinsa ga haske. Siririn baƙin layi mai kama da zanen fensir, daga wani ƙarfe zuwa wani ko zuwa gefen murfin, alama ce ta cewa wuta ta riga ta saba bin wurin, kuma gogewa ba ta magance shi, sai canji. A duba ɗan gawayin da ke tsakiya ko ya cinye. A cire rota a duba ƙasanta, domin hujin da wuta ke yi yakan fara ne da ɗigo mai launin toka wanda ba a gani daga sama. Sannan a kama sandar a girgiza ta hagu da dama. Idan ana jin tana wasa, bushin ya cinye, kuma babu akwatin da zai gyara tartsatsin da ke zuwa a lokacin da bai dace ba. A murɗa rota da hannu a sake ta, ya kamata ta koma da kanta, in ba haka ba nauye-nauyen gaggauta wuta sun cije da ƙura da tsatsa. A tsotsi bututun iskar da ke shiga ɗan gwangwanin gefe a ga ko farantin ciki zai motsa ya kuma tsaya. A HEI a auna ɗan kwail ɗin maganaɗisu da mita, ya kamata ya karanta tsakanin om 500 da 1,500 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), kuma a riƙa motsa siraran wayoyinsa biyu ana kallon mitar, domin sukan karye a cikin rigarsu saboda kai-komon farantin. A ƙarshe a tayar da injin a haska makin tayimin da fitilarsa. Makin da ke rawa gaba da baya yana nuna cin sanda ko cin giya ko sakin sarƙar tayimin.

Distiributar da ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje a gyara ta tukuna. Wadda aka samo daga wurin fasa motoci ma sai ta bi wannan layi, ko da mai sayarwa ya rantse cewa daga mota mai tafiya aka ciro ta.

Mataki na uku: a auna kwail a yi lissafi

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi cin kuɗin mutane. A sa mita a ma'aunin om mafi ƙanƙanta, a fara haɗa bakunanta biyu da juna a rubuta abin da ta karanta domin a debe shi daga sakamako, sannan a auna tsakanin ƙananan ƙusoshin kwail biyu. Idan aka raba bolt da om za a samu amfiya. Tsarin kwantak an yi shi ne ya ɗauki kimanin amfiya 4, shi ya sa kwail ɗinsa ke da om 3, ko om 1.5 tare da ɗan farin tubalin rage wuta, ko wayar da ke yin wannan aiki, wanda ke cike sauran. Kwail na zamani da aka yi domin modul ko akwati yakan kasance ƙasa da om 1. Idan aka ɗauki mai om 0.6 aka haɗa shi kai tsaye da kwantak alhali caji yana ba da bolt 14, lissafin ya haura amfiya 20, wato ninki biyar na abin da kwantak zai iya ɗauka, kuma cikin ɗan lokaci bakinsa zai yi shuɗi ya ƙone. Wannan shi ne yanayi mafi bayyana da za a ce sabon kaya ya kashe distiributa, amma laifin na wanda bai auna ba ne.

Haka lamarin yake ga ƙananan na'urorin da ake sawa a gurbin kwantak. PerTronix Ignitor na asali, alal misali, yana buƙatar kwail mai aƙalla om 1.5 a inji mai silinda 8, da om 3 a mai silinda 4 ko 6, kuma yana iya ƙonewa idan aka bar makulli a kunne alhali injin a kashe yake. Wannan na ƙarshe ya cancanci a kula da shi a nan, inda mutum kan zauna a mota yana sauraron rediyo yana jiran iyali a bakin kasuwa. HEI kuwa akasin haka take, tana son cikakken bolt 12, saboda haka idan aka dasa ta a tsohuwar mota dole a tsallake wayar rage wuta, in ba haka ba tartsatsin zai yi rauni a ɗora wa modul laifin da ba nasa ba.

Akwatin wuta irin na MSD yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Da zarar an haɗa shi, shi ke ɗaukar nauyin cika kwail, kwantak kuwa ya koma mai ba da sanarwa kawai da 'yar wuta kaɗan, saboda haka yakan fi daɗewa fiye da da. Nauyin da aka sauke daga wannan ɓangare ya koma kan murfi da rota, domin akwatin yana aika wa kwail sama da bolt 400 a maimakon 12, kuma idan juyin injin bai kai 3,000 a minti ba yana maimaita tartsatsi sau da yawa cikin digiri 20 na juyin karanshaf.

Mataki na huɗu: wayoyin fulogi

A auna kowace waya daga baki zuwa baki. Masu cikin gawayi na asali sukan karanta dubban om a kowace ƙafa, masu naɗaɗɗen zaren ƙarfe kuwa daga kimanin 50 zuwa 'yan ɗaruruwa. Abin nema shi ne wayar da ta sha bamban da 'yan'uwanta, ko wadda mita ba ta karanta komai a kanta, domin yankakkiyar waya guda ɗaya ta isa ta tilasta wa kwail hawa iyakarsa a duk lokacin da rota ta iso kanta. Idan za a sa akwati, a sayi masu naɗaɗɗen zare. Kada a sa masu tsurar tagulla, domin hayaniyar lantarkin da suke fitarwa tana rikita akwatin ya harba wuta ba a kan lokaci ba. A injin Chevrolet mai silinda 8, wanda jerin wutarsa yake 1-8-4-3-6-5-7-2, a raba wayar silinda ta 5 da ta 7, saboda suna maƙwabtaka a gefe ɗaya kuma suna bin juna a jeri, wutar ɗaya na iya tayar da ɗaya kafin lokacinta.

Mataki na biyar: bakin fulogi

Al'adar da ta yaɗu ita ce da zarar an sa kwail mai ƙarfi sai a buɗe bakin fulogi sosai, wai domin tartsatsin ya yi girma. Kamfanin General Motors kansa ya bi wannan hanya a farkon zamanin HEI, inda ya sa giɓin milimita 1.5 har ma da 2 a wasu injuna, daga baya ya dawo da injuna da yawa zuwa kimanin 1.1. Duk ƙarin giɓi ƙarin bolt ne da murfi da rota da wayoyi za su riƙe, kuma buƙatar tana ƙaruwa idan matsin cikin silinda ya ƙaru, wato lokacin da aka danne totur a kan hawa. Shi ya sa motar da ke silo lafiya ƙalau a bakin warsha za ta fara shaƙewa a hawan Hada kan hanyar Ɗa'if. Fulogin da ya tsufa ma haka yake yi, domin bakinsa yana cinyewa yana ƙara faɗi, gefunansa kuma suna dakushewa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da giɓin da kamfani ya rubuta, wanda a tsarin kwantak yakan kasance milimita 0.8 zuwa 0.9, a tuƙa motar, sannan a ƙara 0.1 a sake tuƙawa. Idan ba a ji bambanci ba a koma baya. A ganina babu dalilin wuce 1.1 a kan distiributa mai ƙaramin murfi, inda ƙarafan ke kusa da juna. Injin da aka ƙara wa matsi ko aka sa wa tarbo kuwa matse bakin fulogi yake buƙata. Kuma a daina gwajin nan na fizge wayar fulogi alhali injin yana aiki domin a gano silindar da ta mutu. A tsarin wuta mai ƙarfi, daƙiƙu kaɗan na wannan gwaji sun isa su fara huda rota, ban da girgizar da mai gwajin zai sha.

Mataki na shida: haɗa akwatin

A cire kan batir tukuna. A MSD, manyan wayoyi biyu, ja da baƙa, suna tafiya kai tsaye zuwa batir, ƙaramar ja zuwa wutar makulli, mai launin ruwan lemo da ƙaramar baƙa zuwa ƙusoshin kwail. Babu wata waya da za ta rage a kan kwail bayan waɗannan biyu, har da ta agogon juyin inji, wadda ke da nata gurbin a jikin akwatin. Farar waya ta kwantak ce ko ta modul, shunayya da koriya kuwa na maganaɗisu ne, kuma ko dai farar ko kuma waɗannan biyun ake amfani da su, ba a haɗa duka tare. A nisanta wayoyin sanarwa daga na kwail da na fulogi. Idan aka juya shunayya da koriya, injin zai tashi, amma tayimin zai kauce kuma tartsatsin zai riƙa zuwa alhali rota ba ta fuskanci ƙarfenta ba. Akwatin a kafa shi nesa da bututun hayaƙi, inda iska ke ratsawa, a kan robobin da ke shanye jijjiga, kuma a tabbata akwai kakkaurar wayar ƙasa tsakanin inji da jikin mota.

Bayan haɗawa dole a sake saita tayimin da fitila, domin ba lallai ne ya tsaya inda yake ba. Idan ana jin ƙarar ƙwanƙwasa a kan hawa, a rage digiri 2 ko a koma fetur 95 daga 91.

Mataki na bakwai: murfi da rota da zafi

A sa sabon murfi da sabuwar rota masu ƙarafan tagulla, domin na alminiyam suna saurin yin farar ƙura. A HEI mai kwail a kai, a canza ɗan gawayin tsakiya da mai ƙarancin turjiya wanda aka yi domin akwati, saboda na asali yana ɗaukar zafi har ya narkar da murfin, kuma a tabbata siririn ƙarfen da ke kai jikin kwail ƙasa yana wurinsa.

Sai a duba daidaiton rota. A ɗauki tsohon murfi a huda taga kusa da ƙarfen silinda ɗaya, a ɗora shi, a maƙala fitilar tayimin a wayar wannan silinda, a haska cikin tagar. Za a ga rota kamar a tsaye take, kuma ya kamata bakinta ya kasance a kan ƙarfen a silo da kuma lokacin da aka ƙara totur. Idan ta kauce zuwa tsakanin ƙarafa biyu, wutar tana yin dogon tsalle a kowane harbi, kuma a inji mai silinda 8 da ke juyi 6,000 a minti harbi 400 ke nan a daƙiƙa guda. Wannan tsalle yana canza iskar cikin murfi zuwa iska mai cin ƙarfe, wadda idan ta gamu da laima irin ta Jidda take sa tsatsa da wuri, ta kuma sauƙaƙa wa wuta kaucewa. Murfi mai ƙofar iska yana rage wannan, amma a ƙasa mai ƙura kada a yi ta huda shi barkatai, a yi amfani da mai 'yar hula ko raga.

Modul kuwa babban maƙiyinsa zafi ne, kuma a bazarar Makka, inda zafin waje kan haura digiri 45, cikin bonet ba ya yi masa sassauci. Ta bayansa yake zubar da zafi zuwa jikin distiributa, saboda haka a goge wurin tas a shafa siririn farin man ɗauke zafi, irin wanda masu gyaran kwamfuta ke amfani da shi. Giris na yau da kullum ba ya yin wannan aiki. A kuma auna caji; idan ya wuce bolt 15, a gyara shi kafin ya ci modul da kwail tare.

Optispark tana da nata sha'ani. Tana zaune ne a gaban inji ƙarƙashin famfon ruwa, saboda haka ɗigon ruwan famfo da yoyon baƙin mai sun fi kashe ta fiye da kowane kwail. Ta Caprice tana da bututan iska da ke zuƙe laima da gurɓatacciyar iska daga cikinta, kuma kafin a ƙara mata wuta sai an tabbata bututan ba su toshe ko sun tsage ba. Masu wanke inji da ruwa mai ƙarfi su nisanci wurin.

Mataki na takwas: giyar ƙasa

Idan aikin ƙarin gudu ya haɗa da canza kamshaf, a ciro distiributar a dubi giyar da ke ƙasanta. Kamshaf na ƙarfe mai tauri yana cinye giyar asali, yana buƙatar ta tagulla ko wadda mai kamshaf ɗin ya ambata, kuma ta tagullar ma abin dubawa ce lokaci-lokaci domin an yi ta ne ta riƙa cinyewa. A injunan da distiributa ke juya famfon baƙin mai, famfo mai yawan turi tare da kakkauran mai yana ƙara wa giyar nauyi. Wannan ɓarna ba ta da alaƙa da wuta ko kaɗan, sai dai da yake a rana ɗaya aka sa kamshaf da akwatin, akwatin ake zargi.

Mataki na ƙarshe: gwaji da bibiya

Da daddare, a wuri mai duhu, a tayar da injin a fesa ɗan ruwa kamar raɓa a kan wayoyi, a ga ko shuɗin tartsatsi zai fito a wani wuri. Sannan a tuƙa motar har ta yi zafi sosai, a gwada ta a kan hawa, a kashe ta na minti goma a sake tayarwa, domin modul mai shirin mutuwa a irin wannan lokaci yake ƙin tashi, ya tashi bayan ya huce. Bayan kimanin kilomita 1,000 a buɗe murfin. Ɗigon ƙuna a ƙasan rota yana nufin a matse bakin fulogi a sake auna wayoyi. Ƙuna a gefe ɗaya na kowane ƙarfe tana nufin rota ba ta daidaita ba. Narkewar tsakiyar murfi ta gawayi ce. Shuɗin bakin kwantak kuwa na kwail mai ƙarancin om ne ko kwandensar da ta mutu. Mai inji na asali da ba a canza wa kamshaf ko matsi ba kada ya sa ran ƙarin gudu mai yawa daga akwati, abin da zai samu shi ne saurin tashi da silo mai natsuwa. Mai doguwar tafiya tsakanin Jidda da Madina kuma ya bar wayoyin asali a naɗe cikin bonet ba tare da ya yanke su ba, ya ajiye rota da modul na ko-ta-kwana da ɗan man ɗauke zafi a cikin mota, ta yadda idan akwatin ya tsaya a hanya za a iya mayar da tsohon haɗin da sukundireba da sifana guda.